Grand-Popo: Zangon Hutu A Bakin Teku Da Fatakenmu Ke Wucewa Ba Su Tsaya Ba

Daga wakilinmu a Zongo, Wagadugu

Duk ɗan kasuwar da ke sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome ya san abin da ake kira jira. Mai fitar maka da kaya ya ce gobe, duwan su ce jibi, direban kamyo kuma ya ce sai ya cika lodi. A haka mutum zai share mako guda, wani lokacin ma biyu, yana kai da kawowa tsakanin bakin tasha da Zongon Lome, ga zafi, ga hayaƙin babura, ga kuɗin ajiya na hauhawa, waya kuma ba ta daina ƙara daga gida ba. Akwai mutanenmu da suka shekara 20 suna wannan zirga-zirga, amma in ka tambaye su labarin teku, abin da suka sani bai wuce kwantena da ƙugiyar ɗaga kaya ba.

Wannan ne ya sa a tafiyar da muka yi tare da wasu 'yan kasuwar unguwarmu, da aka ce mana takardun kaya sai bayan kwana uku, muka yanke shawarar mu leƙa wani gari da ake kira Grand-Popo, a Jamhuriyar Benin, mu gano wa masu karatu da masu sauraronmu ko akwai abin da zai amfane su a can.

Yadda ake zuwa

Mai tasowa daga Wagadugu ya san hanyar: Kufela, Tenkodogo, Bitu, a tsallaka iyaka a Sinkase, sannan Dafango, Kara, Sokode, Atakpame har Lome, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000. Daga Lome kuwa abin da ya rage kaɗan ne. Za ka shiga tasi mai zuwa Aneho, kimanin kilomita 45 gabas, garin da ya kasance hedikwatar Jamusawa a Togo kafin su mayar da ita Lome a 1897. Gaba kaɗan sai iyaka, wadda ɓangaren Benin ake kira Hilakonji, daga nan zuwa Grand-Popo kuma wajen kilomita 20 ne. Mai zuwa Kwatano sayen motoci ko shinkafa ta nan yake ratsawa, sai dai yawanci yana barci ko yana lissafi, domin daga kan titi ba a ganin komai sai bishiyoyin kwakwa.

Abubuwa uku ne ya kamata matafiyi ya kiyaye a wannan iyaka. Na farko takardun shaida da katin rigakafin shawara. Idan mai karatu bai manta ba, Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku su yi zirga-zirga, gara mutum ya tambayi halin da ake ciki a tasha kafin ya taso. Na biyu kuɗi, wanda babu wata matsala, sefar da ke aljihunka ita ake kashewa a Togo da Benin, ba ruwanka da ɗan canji. Na uku agogo: Benin tana gaban Togo da Burkina da awa ɗaya, wanda bai gyara nasa ba zai iya rasa motar komowa ko ya saɓa alkawari.

Garin da teku ta ci rabinsa

Grand-Popo siririn gari ne, a shimfiɗe kan rairayi, teku a kudu, kogin Mono da fadamunsa a arewa. Mutanen wurin 'yan ƙabilar Hwula ne da Hweda da Mina, masunta da masu dafa gishiri tun kaka da kakanni. A zamanin da, tashar ciniki ce babba. An yi fataucin bayi ta nan, daga baya a ƙarni na 19 aka koma cinikin manja, kamfanonin Turawa suka gina manyan gidaje da rumbunan ajiya. Da harkar jiragen ruwa ta koma Kwatano sai kasuwa ta mutu, teku kuma ta yi ta cin tsohon garin har ta haɗiye da yawa daga gine-ginensa. Sauran da suka tsira suna nan a tsohuwar unguwar Gbekon, rufi ya zube, itatuwa sun tsiro a cikin ɗakuna.

Mu mutanen Zongo ba baƙi ba ne ga irin wannan labari. A 2003 aka rushe Zanguwetin, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar Wagadugu, saboda shirin ZACA, aka watsa iyalai zuwa gefen gari, a shekarar da babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. 'Yan uwanmu na Lome su ma an tashe su daga tsakiyar birni a 1977 aka kai su arewacin gari, inda Zongo yake a yau. Don haka da muka tsaya gaban kangayen Gbekon, dattijan da ke cikinmu ba su buƙaci a yi musu dogon bayani ba.

Wani abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne, tashar da muke cin abinci da ita tana da hannu a cikin wannan zaizayar. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana kwasar rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Madatsar ruwa ta Akosombo da Gana ta kammala a 1965 ta rage rairayin da kogin Volta ke kawowa, sannan katangar tashar Lome da aka buɗe a 1968 ta tare wanda ke wucewa. Garuruwan da ke gabas da tashar sai suka rasa abin da zai maye gurbin wanda ruwa ya kwashe, har teku ta cinye tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho aka matsar da ita ciki. A ƙarƙashin shirin WACA da Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2018, ƙasashen biyu sun haɗa kai a 2022 da 2023 suka jera shingayen duwatsu tare da zuba rairayi a gaɓar da ke kusa da iyakarsu. Mai wucewa zai ga duwatsun sun miƙe cikin ruwa kamar yatsun hannu.

Kwana a bakin ruwa

Masaukai a Grand-Popo iri-iri ne, daga bukkokin ganyen kwakwa da matasan Turawa ke so, zuwa otel mai wurin wanka da na'urar sanyaya ɗaki. Sanannu a ciki akwai Auberge de Grand-Popo, wanda ke cikin tsohon gini na zamanin mulkin mallaka, da Awale Plage da Bel Azur. Mu dai mun sauka a wani matsakaici, ɗaki da fanka da gidan sauro, ƙofarsa na kallon teku, tsakaninmu da ruwa bai fi taku ɗari ba. A ranakun aiki baƙi ba su da yawa, saboda haka akwai damar yin ciniki, musamman ga wanda zai kama ɗaki biyu ko uku. Ranar Asabar da Lahadi ne ma'aikatan Kwatano da Lome ke cika wurin.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙarar ruwan. Mutumin da ya saba da kukan janareta da hon ɗin manyan motoci zai ɗauka ba abin da zai hana shi barci, amma daren farko sai ka ji kamar ana sauke lodin tsakuwa a bayan ɗaki, ba tsayawa. Dare na biyu kuwa wannan ƙarar ce ke sa ka barci, har wani abokin tafiyarmu mai fama da hawan jini, wanda bai cika wuce ƙarfe uku na dare a kwance ba, sai da aka tashe shi sallar asuba.

Da gari ya waye muka tarar da masunta suna jan koma. Jirgi kan kai ragar can cikin ruwa ya dawo da igiyoyinta biyu, sai mutane su jeru a kowace igiya, maza da samari har da yara, suna ja suna waƙa da baki ɗaya na tsawon sa'o'i. Mata na zaune gefe da manyan kwanoni suna jira. Da ragar ta iso gaɓa sai ciniki ya kaure nan take, kuma duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabonsa na kifi. Ɗan kasuwa ba ya rasa abin lura a nan: kifin da ba a sayar ɗanye ba mata ke bandawa a bayan gida, shi ne kuma ke bin motoci zuwa kasuwannin arewa. Haka nan a bayan bishiyoyin kwakwa akwai lambunan albasa da tumatir da karas a kan rairayi tsantsa, ana ba su ruwa daga gajerun rijiyoyi. Wanda ya saba da albasar Galmi zai so ya ga yadda ake noma tata kishiyar a bakin teku.

Wurin da ya fi kowanne kyau shi ne inda kogin Mono ke shiga teku, wanda ake kira Bouche du Roy. Asalin sunan daga Turawan Fotugal ne, ma'anarsa bakin kogi, Faransawa suka juya shi ya koma bakin sarki. Da kwalekwale mai inji ake zuwa, ana ratsa tsibirai da dazukan itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da ƙauyukan da mata ke tace ƙasa su dafa ruwanta har ya zama gishiri. Hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 2017. A ƙarshen shekara kunkurun teku kan fito da dare su haƙa rami su yi ƙwai a rairayin, masu gadin sa kai na ƙauyukan kuma su tattara ƙwan su tsare har a ƙyanƙyashe, a saki 'ya'yan cikin ruwa. A cikin gari kuma akwai Villa Karo, cibiyar al'adu ta haɗin gwiwa da mutanen ƙasar Finland, mai ɗan gidan tarihi da ake iya shiga.

Gargaɗi ga ɗan tudu

A nan dole mu ja kunnen mai karatu da babbar murya. Tekun Grand-Popo ba ta wanka ba ce. Gaɓar tana da gangare, taku kaɗan ƙasa ta ƙare, kuma ruwan da ya bugi rairayi yana komawa da ƙarfin da zai fizge ƙafar babban mutum. Wanda ya koyi iyo a dam ɗin Tangen ko na Lumbila kada ya ɗauka ya iya, domin masuntan da aka haifa a wurin ma suna shakkarta, balle a watannin Yuni zuwa Satumba da take hauka. A tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, a riƙe hannun yara, kada kuma a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Mai sha'awar wanka ya yi a na otel.

Sai batun da muka san yana zukatan mutane, wato cewa bakin teku wurin shashanci ne. Gaskiya ne ana sayar da giya a kusan dukkan masaukan, kuma baƙi Turawa suna shigarsu irin tasu. To sai dai faɗin wurin ya isa kowa ya zauna inda ransa ya kwanta, muna iya tafiyar rabin awa a rairayi ba mu haɗu da kowa ba sai masunta. Game da abinci, mai shakkar yanka ya tsaya ga kifi da jatan lande da shinkafa, ya kuma gaya wa mai dafuwa kada a sa masa giya a miya, tun da wasu girke-girken Turawa da ita ake yi. A tafi da buta da abin sallah. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa: ka sa teku a hannun damanka, ka ɗan karkata hagu. Masallatai da masu shayi da tsire na mutanenmu kuwa suna nan a Hilakonji.

Mutanen garin da yawansu masu bin addinin gargajiya na Vodun ne, za ka ga wuraren tsafinsu a bakin hanya da ƙofar gidaje. Baƙo ba ya taɓawa, ba ya ɗaukar hoto sai da izini, kamar yadda mu ma ba za mu so a yi wa masallacinmu shigar ƙaura ba. A farkon Janairu suna bikin Vodun, a lokacin Fentikos na Kirista kuma ana taron Nonvitcha, na ƙungiyar 'yan asalin yankin da aka kafa tun 1921. A waɗannan lokuta ɗaki yana wuya, kuɗinsa ma yana tashi. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris, da babu ruwan sama sosai. Sauro yana da yawa saboda fadama, iskar gishiri kuma tana sa ƙarfe tsatsa da wuri, don haka mai mota ya wanke ta da ruwan daɗi in ya koma Lome.

Shin asarar kuɗi ce?

Wasu za su ce ɗan kasuwa da kayansa ke tsare ba shi da lokacin kallon ruwa, kuma wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba lallai yana da hujja. Amma mu tuna da yadda kakanninmu suka yi fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja. Madugu ba ya kora ayari dare da rana, yakan yada zango inda akwai ruwa da inuwa, a sauke wa jakuna kaya, mutane su huta, sannan a tashi. Sunan unguwarmu ma daga nan ya samo asali. Yau hanyar ta fi da sauri amma ba ta fi sauƙi ba: tun 2022 gwamnatin Togo ta kafa dokar ta-ɓaci a yankinta na arewa saboda matsalar tsaro, aka kuma yi ta sabunta ta, sannan rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkato da kayan Nijar zuwa hanyar Lome, cunkoso ya ƙaru. Mai komowa gida ta wannan hanya yana buƙatar natsuwa da lafiyar jiki, kuma mun sha zuwa gaisuwar 'yan kasuwar da ciwo ya kayar alhali ba su haura shekara 50 ba.

Shawararmu ita ce, wanda aka tabbatar masa kayansa ba za su fito ba sai bayan kwana biyu ko uku, ya bar lambar wayarsa wurin mai fitar masa da kaya, ya sanar da maigidansa na Zongo inda za shi, su haɗa kai su uku ko huɗu su raba kuɗin mota da na ɗaki. Daga Grand-Popo zuwa Lome ba ta wuce tafiyar awa biyu ba in iyaka ba ta cushe ba, ko da safe aka kira shi zai iso kafin a tashi daga ofis. Wanda Allah ya hore wa kuma, ya ɗauki uwargida da yara wata rana, domin akwai 'ya'yan fatake da yawa a Wagadugu da kayan teku suka yi musu kuɗin makaranta, amma ba su taɓa ganinta ba sai a talabijin.

Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a nema.