Tarihin Amurka a Bakin Titinmu

Jama'a, babu wanda bai san Gate City Boulevard ba a cikinmu. Ta nan muke bi mu tafi wurin aiki, ta nan muke kai yara makaranta. Kafin shekarar 2015 suna biyu gare shi, watau Lee Street da High Point Road, sa'an nan hukumar gari ta haɗa su ta ba su suna ɗaya. Sunan kuwa daga laƙabin garin aka ɗauko shi, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 ake yi wa Greensboro kirari da Garin Ƙofa, saboda yawan jiragen ƙasa da suke haɗuwa a nan.

To, amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu, in aka ambaci tarihin Amurka da manyan shugabanninta, sai hankalinsu ya tafi Washinton ko Filadelfiya. Alhali kuwa sau uku aka yi abin da ya taɓa ƙasar nan gaba ɗaya a garin da muke zaune, kuma duk wuraren ba su wuce tafiyar minti kaɗan a mota daga titinmu ba. Abin da ya kamata a lura da shi, a cikin ukun nan babu wanda ya ci nasara a ranar da ya fara.

Janar Greene da yaƙin neman mulkin kai

Ran 4 ga watan Yuli 1776 mutanen Amurka suka shelanta cewa sun fita daga ƙarƙashin Sarkin Ingila. Faɗa da baki ba wuya, amma sai da aka yi shekaru ana gwabzawa. A ƙarshen 1780, sa'ad da Turawan Ingila suka fi ƙarfi a jihohin kudu, George Washington ya zaɓi Janar Nathanael Greene, mutumin Rhode Island, ya riƙe rundunar kudu.

Ran 15 ga watan Maris 1781 Greene ya tari Lord Cornwallis a Guilford Courthouse, wajen mil shida arewa maso yamma da tsakiyar garinmu na yanzu. Greene yana da mutum wajen 4,400, amma yawancinsu manoma ne da aka tattaro, ba su saba da yaƙi ba. Cornwallis kuwa yana da wajen 2,000, dukansu horarrun soja. Greene ya jera mutanensa sahu uku, kowane sahu ya yi harbi ya ja da baya. Da yamma ta yi sai ya janye rundunarsa, ya bar wa abokan gaba fili.

A bisa al'adar yaƙi, Cornwallis ne ya ci. Amma kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa sun mutu ko sun ji rauni, ga shi ba abinci, ba inda zai sami madadinsu. Dole ya gangara bakin teku zuwa Wilmington, daga can ya nufi Bajiniya, inda aka ritsa shi a Yorktown, ya miƙa wuya ran 19 ga watan Oktoba na wannan shekara. A 1783 Ingila ta sa hannu ta yarda da mulkin kan Amurka. Da aka kafa garin nan a 1808, watau shekarar da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Alƙalawa, sai aka sa masa sunan Greene.

Levi Coffin da bayi masu gudu

Sai dai 'yancin da aka samu bai kai ga kowa ba. Baƙar fata suka ci gaba da zama bayi, har shi Greene kansa bayi ne suka riƙa yi masa noma a gonarsa ta Jojiya bayan yaƙi. A cikin waɗanda aka bautar a jihar nan har da malamai daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Akwai Umar ɗan Sa'idu, Bafulatanin Futa Toro, wanda aka sauke a Charleston a 1807. Ya gudu, aka kama shi a Fayetteville, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku, mutane suna ta mamaki. A 1831 ya rubuta labarin rayuwarsa da Larabci, kuma har ya rasu bai fita daga bauta ba.

A yammacin garin nan, a unguwar New Garden, akwai wata ɗarikar Kirista da ake kira Kweka, waɗanda suka ƙi jinin bauta. A cikinsu aka haifi Levi Coffin a 1798. Tun yana saurayi shi da ɗan'uwansa Vestal Coffin suke ɓoye bayi masu gudu a dajin da yake bayan Kwalejin Guilford a yau, su ba su abinci, su nuna musu gidan da za su sauka a gaba. Haka ake miƙa su daga gida zuwa gida cikin dare har su kai jihohin arewa ko Kanada. An yi wa wannan hanya laƙabi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko da yake babu jirgi babu rami, asiri ne kawai da riƙon amana.

Doka ba ta tare da Coffin, maƙwabta kuma sun tsananta, har ya ƙaura zuwa Indiyana a 1826. Can ma bai bari ba. An kimanta cewa mutum wajen 3,000 ne suka bi ta hannunsa shi da matarsa Catherine. Allah ya ja kwanansa har ya ga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, ya ga Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar 'yanta bayi ran 1 ga watan Janairu 1863, ya kuma ga an soke bauta a tsarin mulki a watan Disamba 1865.

Samari huɗu a kantin Woolworth

An soke bauta, amma jihohin kudu suka kafa dokokin wariya. Makaranta dabam, asibiti dabam, har famfon shan ruwa dabam. A kantin Woolworth da yake South Elm Street, arewa kaɗan da inda ya ratsa titinmu, baƙar fata yana iya sayen kaya ya biya kuɗinsa, amma ba shi da ikon zama a kantar cin abinci.

Ran Litinin 1 ga watan Fabrairu 1960, da la'asar, 'yan aji ɗaya huɗu daga kwalejin noma da fasaha ta baƙar fata, wadda aka fi sani da A&T, suka shiga kantin. Su ne Ezell Blair ƙarami, da Franklin McCain, da Joseph McNeil, da David Richmond. Suka sayi 'yan ƙananan kaya, suka karɓi rasit, sa'an nan suka zauna a kanta suka nemi kofi. Aka hana su. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga hannu ba, ba su kuwa tashi ba sai da aka rufe kanti.

Kashegari suka komo da mutum fiye da 20. Kafin mako ya ƙare an kai ɗaruruwa, har da 'yan matan Kwalejin Bennett, waɗanda tun 1958 suka saurari Martin Luther King a makarantarsu. Cikin wata biyu irin wannan zama ya bazu a garuruwa fiye da 50. A watan Afrilu aka kama ɗalibai 45 a garin nan, jama'a kuma suka ƙaurace wa kantunan, ciniki ya faɗi. Ran 25 ga watan Yuli 1960 Woolworth ya sauko, aka fara ba ma'aikatansa baƙar fata abinci a kan kantar. Wannan fa kwana tara ke nan kafin Nijar ta sami mulkin kai, Nijeriya kuwa ta bi baya ran 1 ga watan Oktoba. Lalle mai haƙuri yakan dafa dutse.

Daga baya Ezell Blair ya musulunta, ya koma Jibreel Khazan a 1968. Joseph McNeil kuwa ya kai muƙamin Manjo Janar a sojan sama na ko-ta-kwana. Shi kantin an mai da shi gidan tarihi ran 1 ga watan Fabrairu 2010, kantar tana nan inda take.

Abin da ya shafe mu

Kada wani ya ce wannan labarin wasu ne. Gwagwarmayar nan ita ta kai ga dokar hana wariya da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 2 ga watan Yuli 1964, da dokar kare haƙƙin jefa ƙuri'a ta watan Agusta 1965. A watan Oktoba 1965 kuma aka soke tsohon tsarin shige da fice wanda ya fifita mutanen arewacin Turai. Ta wannan ƙofa mutanen Afirka da yawa suka shigo suka zauna, har suka ga jikoki. Ashe gonar da muke ci, wasu ne suka yi sassabenta.

Saboda haka muna kira ga iyaye, a sami wata Asabar a ɗauki yara a kai su filin yaƙin Guilford, da dajin New Garden, da gidan tarihi na Elm Street. A nuna musu kujerun, a faɗa musu cewa waɗanda suka zauna a kansu babu wanda ya cika shekara 20. Waɗanda suka isa jefa ƙuri'a kuma su tabbata sun rubuta sunansu, domin da wuya aka samo ta. Waiwaye dai, in ji masu iya magana, adon tafiya ne.