Baffa Ba Shi Ne Waliyyin Dukiyar Maraya Ba

Da zarar an yi sadakar bakwai, kafin ma a naɗe tabarmi, sai ka ji wani dattijo ya yanke hukunci: "Ai baffansu zai riƙe musu." Da wannan magana ake miƙa takardar gida da makullin shago da katin banki ga ƙanen mamaci, ba shaida, ba rubutu. Bayan shekaru yara su girma su tarar shago ya koma sunan baffa, gona kuma an sayar wai an yi musu hidima da kuɗin. Wannan al'ada ta kai mutane da yawa bango, kuma masu yin ta suna ganin addini suke bi.

Riƙo iri biyu ne. Akwai reno, wanda malamai ke kira hadana, wato ci da sha da kwana da tarbiyya. A mazhabar Malikiyya uwa ce kan gaba a nan, sai kaka ta wajen uwa, sai inna. Akwai kuma kula da dukiya, kuma a nan ne ɓarnar take.

A Malikiyya, mai iko da dukiyar yaro shi ne ubansa. Idan uba ya rasu, sai wasiyyin da ya naɗa tun yana raye. Idan bai naɗa kowa ba, sai alƙali, ko wanda alƙali ya wakilta. Ina baffa a wannan jeri? Babu shi. Babu yaya, ko kaka namiji ba ya samun wannan iko sai an naɗa shi. Girman shekaru ba ya ba mutum wannan matsayi, zama babban gida ma haka. Ana iya naɗa baffa, sau da yawa ma shi ya fi dacewa, amma naɗa shi ake yi, kuma ana iya tuɓe shi idan ya ci amana. Wanda ya naɗa kansa ya sayar da filin marayu, ya sayar da abin da ba nasa ba ne.

Su kuma masu cewa "ni nake ciyar da su, don haka ina da haƙƙi", su koma aya ta 6 ta Suratun Nisa'i. Mawadaci an umarce shi ya kame hannunsa. Matalauci ne aka yi wa rangwame ya ci daidai gwargwado. Ayar ta kuma ce a jarraba hankalin yaro, idan ya balaga aka ga ya san ciwon kansa a miƙa masa kayansa a gaban shaidu. Aya ta 10 kuwa wuta ta ambata ƙarara. Abin mamaki, mutum ya haddace ayoyin nan, yana karanta su a sallar asham, motar marayu kuma tana ƙofar gidansa ya mayar da ita tasa.



Hukuncin bai tsaya kan yara ba. Mai taɓin hankali, da tsohon da ruɗewa ta kama, da almubazzarin da ba ya iya riƙe kuɗi, duk suna buƙatar mai kula. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron irin waɗannan shari'o'i na Musulmi. Ɗan da ya kama babban yatsan mahaifinsa marar lafiya ya dangwala a takardar cinikin gida bai fi wancan baffa ba.

Mafita ita ce uba mai rai ya naɗa wasiyyi yau, a rubuce, da shaidu biyu adalai. Yana iya naɗa uwar 'ya'yansa, domin shari'a ba ta hana mace ba. Sunan da ka rubuta a takardar banki ko ta fansho a matsayin makusanci, na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da shi magajinka shi kaɗai ba. Idan rasuwa ta riga ta faru, a je kotu a raba gado, a fitar da kason kowane yaro da sunansa, alƙali ya naɗa mai riƙo. Zuwa kotu ba tona asirin dangi ba ne. Mai riƙo ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita: kuɗin haya, kuɗin makaranta, magani, har ɗinkin salla. Kada ya haɗa kuɗin marayu da jarinsa a asusu ɗaya. Ya juya musu dukiyar ta hanyar da ba kasada, domin a Malikiyya ana fitar da zakka daga dukiyar maraya, kuɗin da aka ajiye kawai kuwa raguwa za su yi ta yi. Uwar marayu kuma ta riƙe kwafin kowace takarda tun kafin ta fita takaba, ko da dangin miji za su ce ta cika ido.