Suna linzami: yaya ake faɗin Delavignette?

Ranar da na fara karanta sunan Delavignette a gaban aji, ina ɗan lise, sai na bi haruffa ɗaya bayan ɗaya na ce "Delabiginete". Mushe ya yi murmushi, ƴan aji suka fashe da dariya. Kunyar ranar ta koya mini cewa Bafaranshe ba ya faɗin duk abin da ya rubuta.

Ga yadda abin yake. Idan "g" da "n" suka haɗu, sautinsu "ny" ne, kamar a kalmar "hanya". Harafin "e" na ƙarshe ba ya fita. Hausa kuwa ba ta da "v", shi ya sa bakinmu ke maida shi "b". Ke nan "Dalabinyet" ya fi kusa da faɗin masu sunan.

To, wane ne shi? Robert Delavignette ya yi kumandan a Tasawa yana saurayi, zamanin da ƙasar Agye da Gazawa ke ƙarƙashin Tasawa. Daga baya ya shugabanci makarantar horar da kumandojin mulkin mallaka a Paris daga 1937 zuwa 1946. Abin da ya ɗaure sunansa da yankinmu shi ne, a 1923 ya sa aka tone kaburbura biyu a Maijirgi, aka tarar babu kowa ciki. Kaburburan Voulet da Chanoine ne.

Nan ma akwai gyara. Mutane da yawa, har da ma'aikatan gwamnati, sun ɗauka Voulet-Chanoine sunan mutum guda ne. Kyaftin biyu ne: Paul Voulet da Julien Chanoine, wanda mahaifinsa janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898. Na farko ana faɗinsa "Bule", domin "ou" daidai yake da "u" namu, "t" kuma ba ta fita. Na biyu "Shanwan", domin "ch" shi ne "sh", "oi" kuwa "wa". Ayarinsu ne ya ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899, ya ratsa ƙasar Gobir yana kisa da ƙone garuruwa. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe Laftanar-Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su duka biyu.

Waɗannan ƙa'idoji ba baƙi ba ne ga ɗan kasuwar da ke karanta allon bakin hanya. Da su Nasara ya rubuta garuruwanmu: Agye ta zama Aguié, Gazawa ta zama Gazaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Wanda ya iya karanta "Roumdji" ya riga ya iya rabin "Voulet".

Saura yadda ake amfani da sunan. Mu mukan kira mutum da sunansa na yanka, sa'an nan na mahaifinsa. Bafaranshe kuwa sunan zuriya ne ke gaba a takardun hukuma. Ba a cewa Kumandan Robert, sai Kumandan Delavignette, kuma a harafin D ake nemansa. A haɗe ake rubuta shi, ba a raba "De" da sauran.

Wani zai ce, ina ruwanmu da sunan wanda ya daɗe a ƙasa? Ruwanmu na nan. Rahotannin kumandoji kan sarauta, iyakokin kanto da lanho suna ajiye a gidan adana takardu na Yamai da na Aix-en-Provence, kuma da suna ake buɗe su. Magajin da ke neman asalin sarautar gidansu, ko jikan waɗanda aka kashe a 1899, in ya je da sunan da ya ji a baka kawai, zai dawo hannu wofi.

Shawarata ga masu karatu ita ce, in dattijo ya ambaci wani Nasara, ku rubuta sunan yadda ya faɗa, ku nemo kuma yadda Faransawa suka rubuta shi, ku ajiye su tare. Sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji. Mu dai mu riƙe nasu daidai, domin ranar da za a yi hisabi a san wa ake kira.