Yadda lamba ɗaya ke buɗe ko rufe ƙofar kwamfutar ofis

Duk ma'aikata ko kamfanin da ke ajiye bayanansa a babbar kwamfuta yana dogaro da katangar tsaro, wato manhajar da ke tantance saƙonnin da za su shiga daga intanet. Katangar tana bin jerin dokoki daga sama zuwa ƙasa, kuma dokar amincewa ko hani da ta fara dacewa da saƙo ita ke yanke hukunci. Saboda haka matsayin doka a jeri yana da nauyi kamar abin da dokar ta ƙunsa.

A manhajar ipfw ta tsarin FreeBSD, kowace doka tana da lamba tsakanin 1 da 65535, kuma ta ƙarshen, idan ba a sauya ta ba, tana hana komai wucewa. Maimakon rubuta lambobi da hannu, masu kula da na'urori kan tsara rubutun umarni mai ɗauke da gurbin ajiya. Sukan fara da n=100, sannan bayan kowace doka su rubuta n=$((n+10)). Tazarar goma tana barin sarari don cusa sabuwar doka daga baya.

Kurakurai uku sun fi yawa. Na farko, sanya fili a gefen alamar daidai: idan aka rubuta n = 100, kwamfuta za ta ɗauki n a matsayin umarni, gurbin ya zauna fayau. Na biyu, rubuta n=$n+10, wanda ba ya yin lissafi, sai dai ya ajiye rubutun 100+10 yadda yake. Na uku, fara lamba da sifili: a wurin lissafi, 010 na nufin takwas, 08 kuwa kuskure ne.

Illar ba ƙarama ba ce. Idan rubutun ya share tsofaffin dokoki sannan ya tsaya a tsakiya, dokar hani kaɗai ke saura, sai mai kula da na'urar da ke aiki daga nesa ya kulle kansa a waje, aikin ofis ya tsaya cik. Idan kuma dokar amincewa ta riga ta hani, baƙo ya samu ƙofa.

Shi ya sa ƙwararru kan sa rubutun ya fara nuna dokokin a allo kafin ya aiwatar da su, kuma ba sa gwada sabon jeri sai akwai wanda ke kusa da na'urar.