Miƙa Bayanan Majiyyaci Tsakanin Masu Agajin Gaggawa da Asibitoci: Nazari a kan Ikara, Makarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda labarin majiyyaci ke tafiya daga hannu zuwa hannu tun daga inda ciwo ya same shi har zuwa asibitin ƙarshe, kana ta nuna abin da ya kamata a shirya kafin a ɗora wannan aiki bisa na'ura. An zaɓi ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan domin dukkansu Zariya suke dosa idan lalura ta fi ƙarfin asibitocinsu.

2.0 Hannuwan da Majiyyaci ke Bi

Wanda ya yi hatsari a kan hanyar Zariya zuwa Kano, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, su kan ɗauke shi, ko kuwa direbobin da suka tarar da abin. Mace mai naƙuda kuma danginta kan kai ta ƙaramin asibitin mazaɓa. Daga nan sai asibitin gwamnati na Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi. In abin ya ƙi, a wuce Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Watau majiyyaci guda na iya bin hannu uku ko huɗu a dare ɗaya, kowane hannu da hukumarsa: wani na Tarayya, wani na Jiha. A kowace mahaɗa bayani na iya zubewa, domin ɗan rakiya ya san an yi allura, amma da wuya ya san sunanta ko sa'ar da aka yi ta.

3.0 Abin da Rashin Bayani ke Jawowa

Misali biyu sun isa. Na farko, mai ciki da jijjiga ta kama akan yi mata allurar maganesiyam: giram 14 a karon farko, sa'an nan giram 5 kowace sa'a huɗu. Idan asibiti na biyu bai san an yi ta farko ba, ya sake ta gaba ɗaya, maganin na iya yi wa jiki yawa har numfashi ya raunana. In kuma ya ɗauka an yi alhali ba a yi ba, jijjigar ta dawo. Na biyu, allurar taranekzamik mai rage zubar jini: binciken da aka buga a 2010 a kan masu rauni, da wanda aka buga a 2017 a kan masu jego, wanda asibitocin Nijeriya suka shiga cikinsa, ya nuna amfaninta na cikin sa'o'i uku na farko ne. Likitan Shika ba zai iya ƙirga sa'o'in nan ba sai wani ya rubuta lokacin da jini ya ɓalle.

4.0 Matsayin Doka da Na'ura

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, ta wajabta ajiye bayanan majiyyaci da kiyaye sirrinsa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin agaji na NEMSAS, a 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai. Dokokin sun ce a ajiye, a kuma kiyaye. Aikin da ya rage shi ne daidaita yadda za a miƙa.

Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta samar, ana amfani da ita a duk faɗin ƙasar, sai dai galibi jimlar wata-wata ake shigarwa: mata nawa suka haihu, mutum nawa aka tura gaba. Tana ƙirga jama'a ne, ba ta bin mutum ɗaya cikin mota. A Amurka an magance wannan da tsarin NEMSIS, inda jihohi suka yarda da jerin tambayoyi iri ɗaya, ko da kamfanonin manhajarsu sun bambanta. Darasin shi ne, yarjejeniya ta riga na'ura.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, hukumomin su amince da taƙaitaccen fom guda: suna da shekaru, abin da ya faru da lokacinsa, awon jini da bugun zuciya da numfashi, maganin da aka bayar da sa'arsa, da sunan mai miƙawa. Na biyu, manhajar ta yi aiki a wayar hannu ko babu intanet, ta aika da kanta idan layi ya samu, kuma kofen takarda ya bi majiyyaci saboda yankewar lantarki. Na uku, a ba kowane majiyyaci lamba ɗaya tun daga hannun farko. Na huɗu, a daina watsa hotunan takardun marasa lafiya a zaurukan WhatsApp, domin sirri amana ne. Na biyar, a koyar da miƙa majiyyaci a matsayin darasi a makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta Makarfi.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, takardar tura majiyyaci da ake da ita a yanzu tana da ɓangaren da babban asibiti zai cike ya mayar wa ƙaramin. Lalle ne duk tsarin na'urar da za a kawo ya raya wannan ɓangare, domin da shi ne ma'aikaciyar Hunkuyi za ta san ko matar da ta tura ta rayu, da kuma abin da ya kamata ta gyara kafin ta tura ta gaba.