Ziyolait: Dutsen da ke shanye wari, amma ba na sha ba ne

Mai shiga shagon kayan dabbobi a Parkchester da ke Bronx kan wuce shi bai sani ba. Yana cikin wasu buhunan yashin bahayar kyanwa, yana kuma cikin matatar ruwan kifin ado. Sunansa ziyolait.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ne ya raɗa masa suna a 1756, wato "dutse mai tafasa" da Girkanci, domin in an gasa shi sai ya riƙa fitar da tururi. Galibinsa tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe jiƙe cikin ruwa mai kanwa-kanwa. Jikinsa duk ƙofofi ne da ido ba ya gani, kamar rariya, kuma su ne ke kama amoniya da wasu ƙarafa masu guba.

A ƙetaren kogin Hudson ma akwai shi, don duwatsun Paterson a New Jersey sun yi suna a kansa. Amma wanda masana'antu ke saye, a yammacin Amurka ake haƙo shi, kamar Winston a New Mexico da Preston a Idaho. Ana tace ruwa da shi, ana haɗa shi da siminti da abincin dabbobi. A 2011, buhu-buhu aka jefa shi cikin teku a Fukushima ta Japan don ya kama gubar nukiliya.

To, ina ruwan mutanen gida? Duk mai kiwon kaji a Kano ya san warin da ke sa idon kaza ruwa. Barbaɗa ziyolait a ɗakin kaji na rage shi. A gona mai jigawa kuwa, yana riƙe taki da laima kusa da saiwa. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun ma haɗa irinsa daga farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina.

Sai dai a yi hattara da garinsa da ake tallatawa a intanet wai yana "wanke jini". Ba duk ziyolait ne lafiyayye ba. Wani nau'insa, eriyonait, shaƙar ƙurarsa ce ta jawo ciwon daji a ƙauyen Karain na Turkiyya, mutane da dama suka rasu. In za ka aika wa 'yan'uwa, aika na kaji ko na gona, ka karanta abin da ke jikin buhun. Maganar sha kuwa, sai da izinin likita.