Mai Ciki da Kumburin Wuya

Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa a Masaka, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, na lura da wata mata mai kawo ɗanta makaranta kowace safiya. Tana da ciki, gaban wuyanta kuwa ya ɗan taso. Da na yi maganar, sai aka ce mini ai haka wuyan mai ciki ya kan yi. Na koma na bincika, na tarar maganar tana da gaskiya, amma rabi.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai kamannin malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiranta tayirod. Ita ce in ta kumbura mu ke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta haɗa wani sinadari mai suna tayiroksin, wanda Edward Kendall ya fara tace shi a Amurka a 1914. Shi ke ƙayyade saurin aikin jiki, watau bugun zuciya, da ɗumin jiki, da girman ƙwaƙwalwar yaro. Ba ya haɗuwa sai da aidin, aidin kuwa daga abinci mu ke samunsa, ba na kwalba da a ke shafa wa gyambo ba. Wannan ba a shansa.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. Akwai wata tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ku ɗauke ta kamar hakimi. In tayiroksin ya ragu cikin jini sai ta aiko dogarinta, mai suna TSH, ya ce a ƙara. In ya yi yawa ta tsai da shi. Irin waɗannan 'yan aike na cikin jini su a ke kira homon.

To, da ciki ya shiga sai mabiyiya ta soma fid da nata homon, hCG, wanda a ke nema cikin fitsari in ana awon ciki. Ƙirarsa ta yi kama da ta TSH ƙwarai, har tayirod ta kan ɗauke shi dogarin hakimi ne, ta bi umurninsa. Ya kan kai matuƙar yawansa wajen mako na 10 zuwa 12, sa'an nan ya sauka. Matan da ya yi musu yawa, kamar masu cikin tagwaye, su kan sha laulayi mai tsanani, da amai, da faɗuwar gaba. Galibi abin ya kan lafa da kansa kafin tsakiyar ciki, amma wadda ruwa ma ba ya zama a cikinta, asibiti za a kai ta.

Na biyu shi ne istirojin, shi kuwa hanta ya ke taɓawa. Yawancin tayiroksin ba ya yawo shi kaɗai cikin jini, wasu 'yan dako da hanta ke ƙerawa su ke ɗauke da shi, wanda ke kan ɗan dako kuwa ba ya aiki sai an sauke. Istirojin ya kan ninka 'yan dakon nan wajen sau biyu. Su kwashe kaya, abin da ya rage a ƙasa ya kasa, hakimi ya aika a ƙara. Ta haka tayirod ɗin mai ciki ke haɗa abin da ta saba, da ƙarin wajen rabinsa. Har wa yau ƙoda tana zubar da aidin cikin fitsari fiye da dā. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi maikirogiram 150 na aidin a yini, mai ciki da mai shayarwa 250. Maikirogiram miliyan ɗaya ke yin giram guda.

Inda aidin ya wadata, wuya ba ya tasowa har ido ya gani. Inda ya kasa, sai tsokar ta yi ta girma don ta kama ɗan abin da ke akwai. Ashe kumburin da a ke gani daga nesa ba adon ciki ba ne.

Ga inda abin ya shafe mu malamai. Ɗan tayi ba ya iya haɗa tayiroksin da zai ishe shi sai wajen mako na 18 zuwa 20. Kafin nan na uwarsa ya ke amfani da shi, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. In ya rasa ƙwarai, ciki na iya zubewa, ko a haifi yaro kurma, wada, mai raunin hankali. In kaɗan ya rasa ba a ganin kome, sai ya shiga aji a tarar ba ya kama karatu. Ina jin tsoro wasu da mu ke yi wa tsawa muna ce musu daƙiƙai, tun kafin a haife su aka rage musu rabo.

Suwizalan ta fara zuba aidin cikin gishiri a 1922, Nijeriya ta mai da shi doka a 1993. Amma gishirin gargajiya, irin wanda mata ke dafawa a Keana da Awe, ko kantun Bilma, ba ya bi ta masana'anta balle a zuba masa. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba kuma yana da wani abu mai hana tayirod kama aidin. Ko gishirin leda, in an bar shi a buɗe cikin rana da laima, aidinsa ya kan ragu.

Wadda dā ma tana shan maganin tayirod, da ta gane tana da ciki ta tafi wurin likita a makon nan, don yawanci sai an ƙara mata. Bayan haihuwa kuma, cikin shekarar fari, tsokar ta kan rikice wa wasu mata, su yi ta jin kasala da sanyi da baƙin ciki, a gida a ce wahalar jego ce. Awon jini ke rarrabewa.